Ƴar Kibiyar da ke Saman Harafi

Idan mutum ya tashi daga bakin rijiya ya yi tafiyar kilomita 3 gabas, sannan ya juya ya yi kilomita 4 arewa, ƙafarsa ta ci kilomita 7. Amma in aka ja igiya miƙe daga rijiyar zuwa inda ya tsaya, kilomita 5 za a samu. Kowane lissafi daidai yake, sai dai kowane da tambayar da yake amsawa. Bari mu kira rijiyar A, inda ya juya B, inda ya tsaya C. Wanda ya rubuta AB + BC = AC haka kawai, ya yi ƙarya, domin 7 ba 5 ba ne. Wanda kuwa ya ɗora ƴar kibiya a saman AB, da saman BC, da saman AC, ya faɗi gaskiyar da kowane ɗalibi a Nijar yake haddacewa da sunan dokar Michel Chasles, wani malamin lissafi ɗan Faransa da ya rasu a 1880, wanda ake furta sunansa Shal. Kibiyar ce take sanar da mai karatu cewa ana maganar tafiya ce mai tsawo da alƙibla, wadda ake kira bekta, ba tsawo zalla ba.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Damagaram, kuma ni nake buga takardun darasi da na jarrabawar ɗalibaina da kaina. Abokan aiki sun daɗe suna yi mini ba'a, wai sun taɓa ganin mai kwana a kan littafi, amma ba su taɓa ganin mai kwana a kan kibiyar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ina so in bayyana wa mai karatu dalilin wannan kwana, domin ina ganin maganar ta shafi duk wanda ya taɓa rubuta wani abu don wani ya karanta.

Da farko, ba kowa ne yake sa kibiya ba. Mu da muka bi tsarin karatun Faransa, kibiya muke ɗorawa a kan komai, ko harafi ɗaya ne kamar u, ko biyu kamar AB. Haka littattafan CIAM da aka koyar da mu da su suke yi, haka ma takardun BEPC da na Bakaloriya. Ƴan'uwanmu na Katsina da Kano, da ke bin tsarin Ingila, sun saba ganin bekta mai harafi ɗaya a buge da baƙin harafi mai kauri, in kuma da hannu za su rubuta sai su ja layi a ƙarƙashinsa. Wannan al'ada ta harafi mai kauri tsohuwa ce. Oliver Heaviside na Ingila ya yi amfani da ita, haka ma littafin da Edwin Wilson ya fitar a 1901 daga darussan Willard Gibbs na jami'ar Yale. Ƙa'idar ISO ta alamomin lissafi ta karɓi hanyoyin biyu, harafi mai kauri ko kibiya a sama. Sai dai alli ba ya rubuta harafi mai kauri, biro ma haka. Shi ya sa a ajin da allo da alli su ne jari, kibiya ta fi dacewa da hannun malami da na ɗalibi.

Ko inda ake sa kibiyar ma, ba ma'ana ɗaya take ɗauka ba. A littattafan makarantun Amurka, AB mai kibiya a sama yana iya nufin layin da ya fara daga A, ya ratsa B, ya ci gaba ba iyaka. In kibiyar mai kai biyu ce, layin ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Masana kimiyyar fiziks kuma sukan juya kan kibiyar hagu a saman wata alama, don nuna cewa aikinta a kan abin da ke hagunta zai faɗa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san irin wannan. A rubutun Warshu da muka tashi da shi, ɗigo ɗaya a sama ƙaf ne, fa kuwa a ƙasa ɗigonta yake. Ka buɗe bugun gabas, sai ka tarar ɗigo ɗaya a sama fa ne, ƙaf kuma ɗigo biyu gare shi. Yaron da ba a faɗa masa ba, sai ya yi ta tuntuɓe a inda ya iya.

Abin da ya tura ni neman hanyar buga kibiya mai kyau ya faru ne a wata jarrabawar gwaji da makarantu da dama suka haɗu suka shirya. An ba wani shagon buga takardu aikin, mai bugun kuma ya yi amfani da manhajar rubuta wasiƙa ta yau da kullum. Da ya zo kan bekta, sai ya riƙa zana kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya kamar hotuna, yana jan su da hannu zuwa saman haruffa. A kwamfutarsa komai ya zauna. Da aka kai fayil ɗin wata kwamfutar don fitarwa, layuka suka ɗan motsa, kibiyoyin suka tsaya inda aka bar su. Wasu suka faɗa tsakanin layi da layi, wasu suka hau kan kalmomin da ba ruwansu. Daga nan aka yi fotokofi, aka yi fotokofin fotokofin, har abin da ya rage ya dushe. Wata ɗaliba mai ƙoƙari ta amsa tambaya guda a matsayin lissafin tsawo, aka soke mata ita. Ta zo da takardar tambayoyin a hannu ta ce, “Mushe, ai ni babu kibiya a tawa.” Na duba, babu kuwa. Amsarta daidai take da takardar da aka ba ta. Mun sha gardama da masu gyara kafin a mayar mata da makinta, kuma ban san yara nawa ne suka yi shiru ba su zo da tasu takardar ba.

Tun daga lokacin na koma amfani da TeX, manhajar da masu lissafi a duniya suke buga rubutunsu da ita. Tarihinta ma daga irin wannan ɓacin rai ya faro. A 1977 Donald Knuth, malami a jami'ar Stanford, ya ga gwajin sabon bugun juzu'i na biyu na littafinsa kan shirya manhajar kwamfuta. Maɗaba'a ta bar tsohuwar hanyar haruffan dalma ta koma sabuwa, shafukan kuma ba su gamshe shi ba. Sai ya ajiye littafin ya shiga ƙera nasa kayan bugu. Ya zaci aikin watanni ne, ya ci masa kusan shekara goma. Daga baya Leslie Lamport ya gina LaTeX a kanta don sauƙaƙa wa irinmu. A wannan tsari ba a jan kibiya da hannu. Umarni ake rubutawa cewa wannan harafi yana ɗauke da kibiya, manhajar ta auna ta ɗora. Duk inda harafin ya je, da kibiyarsa yake tafiya.

Sai dai samun manhaja bai ƙare zancen ba. TeX tana kallon kowane harafi a matsayin ɗan akwati mai faɗi da tsayi da zurfi. In za ta ɗora alama a sama, tsakiyar akwatin take nema. Haruffan lissafi kuwa a karkace suke, kansu ya fi gindinsu matsawa dama, saboda haka tsakiyar akwati ba ita ce tsakiyar da ido yake gani ba. Knuth ya lura da haka, ya sa aka ajiye wa kowane harafi nasa ɗan gwargwadon matsawa a cikin bayanan rubutun, ya kuma bar umarnin \skew ga wanda yake son ya gyara da kansa. Haruffan i da j su ma suna da tasu rigimar, domin ɗigonsu yana zaune daidai inda kibiya za ta zauna. Mu kuwa kullum muna tare da su, tunda da su ake nuna bekta biyu na ginshiƙin zane. Maganinsu shi ne \imath da \jmath, wato i da j marasa ɗigo. Malamin da bai san wannan ba, sai ka ga kibiyarsa ta hau kan ɗigo ta zama wani ɗan tabo.

Kibiyoyin da ake samu a shirye iri biyu ne. Akwai \vec, ƴar ƙarama mai karkata, wadda aka zana don harafi ɗaya. Tana da kyau a kan u ko v, amma ba ta miƙewa. In ka ɗora ta a kan AB, sai ta tsuguna a tsakiya kamar tsuntsu a kan katanga, ba ta rufe A ba, ba ta rufe B ba. Akwai kuma \overrightarrow, wadda ake haɗawa daga alamomin ragi da aka jera suka zama kyauro, da kan kibiya a ƙarshe. Ita tana miƙewa gwargwadon abin da ke ƙarƙashinta, ta dace da AB. A kan harafi ɗaya kuwa ta yi girma, tana ture maƙwabta, tana kuma iya ɗaga layin duka har tazarar layuka ta lalace. Wanda ya haɗa su biyun a lissafi ɗaya, ya ce u daidai yake da AB, zai ga kibiya iri biyu a layi guda. Na taɓa samun ɗalibin da ya tambaye ni ko ƙaramar da babbar ma'anarsu daban ce. Tambayar mai hankali ce, domin mu muka koya masa cewa a lissafi ba a canza alama sai da dalili.

Wasu sun riga ni jin wannan damuwa. Eddie Saudrais ya shirya wani ƙunshi mai suna esvect, wanda ya kawo umarnin \vv. Kibiyarsa ɗaya ce ga gajere da dogo, tana miƙewa, tana kuma ƙanƙancewa in ta shiga ƙananan rubutun gefen harafi, da zaɓin kai iri takwas. Javier Bezos kuma ya yi ƙunshin accents, wanda yake ba mutum damar ɗora kowace alama da ya ga dama a saman harafi, ko da kibiya mai kunne ɗaya ce irin wadda wasu suke ja da hannu don sauri. Ga wanda zai buga littafi a farar takarda mai kyau, waɗannan sun isa har da ragi, kuma su nake fara nuna wa duk malamin da ya tambaye ni.

Ni matsalata ta wuce kyan gani. Haruffan da Knuth ya zana, Computer Modern, sirara ne ƙwarai. Kaurin layin da TeX take ja in ba a ce mata komai ba kashi 4 cikin 10 ne na ma'aunin ɗigon maɗaba'a, wato kusan milimita 0.14. A injin bugu mai kyau wannan layi yana fita tsaf. Amma takardata ba a nan take ƙarewa ba. Ina fitar da guda ɗaya, a kai ta shagon fotokofi da tawadarsa ta kusa ƙarewa. Wani malami ya karɓi kofi ya sake yi wa nasa ajin. Wani ɗalibi ya ɗauki hotonta da waya da dare, ya tura wa abokinsa na ƙauye ta WhatsApp, wadda take matse hoto don ya yi sauƙin tafiya. A kowane mataki, abin da ya fi siranta shi yake fara mutuwa. Haruffa suna tsira saboda ido yana iya cike giɓinsu. Kibiya kuwa in ta tafi, ba ta barin alamar cewa ta taɓa zama a wurin, sai lissafin ya koma wani lissafi daban wanda shi ma ana iya karanta shi.

Saboda haka na ƙera tawa. Umarnin da na rubuta yana fara sa harafin a akwati ya auna faɗinsa. Sai ya ja kyauro daidai wannan faɗi, da kaurin da ya kusa ninka na asali. A ƙarshensa ya sa kai mai kunne biyu a buɗe, domin na lura kai cikakke yakan dunƙule ya zama ɗigo in tawada ta yi yawa, buɗaɗɗe kuwa ko ya dushe siffarsa tana nan. Na sa mafi ƙarancin tsawo, don kada kibiyar i mara ɗigo ta zama kai ba kyauro. Na kuma sa umarnin ya duba girman rubutun da yake ciki, tunda TeX tana da girma uku a lissafi, wanda a shafi na yau da kullum yake 10 da 7 da 5, don kada a ɗora wa ɗan ƙaramin harafi kibiyar babba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tsayin da kibiyar za ta zauna. Harafin u gajere ne, b dogo. In kowane ya ɗauki kibiyarsa daidai kansa, layin yana hawa yana sauka. In aka daidaita su duka a tsayin mafi tsawo, layin ya yi kyau, amma kibiyar u ta yi nisa da ita, har a fotokofi a zaci ja-layi ne na kalmar da ke sama. Ga yaron da ya saba da tsarin Ingila, inda layi a ƙarƙashi yake nufin bekta, wannan ruɗani ne na gaske. Na zaɓi kowace kibiya ta zauna kusa da harafinta, na haƙura da ɗan rashin daidaiton. Na ƙara tazarar layuka kaɗan a shafukan da bekta suka yi yawa, ko da hakan yana ƙara mini kuɗin takarda.

Yadda nake gwadawa ba a fuskar kwamfuta ba ne, domin a can komai kyakkyawa ne. Nakan fitar da shafi, in yi fotokofinsa, in yi fotokofin wannan, har sau biyar. Na biyar ɗin nake ɗauka hoto da tsohuwar waya, in tura wa kaina, in buɗe. In har zan iya bambance AB mai kibiya da AB mara kibiya ba tare da na matso da fuska ba, kibiyar ta ci jarrabawa. Mai shagon da nake zuwa ya daina tambayata dalili, sai dai ya ce, “Malam, yau ma kibau za mu harba?”

Wani abokin aikina, dattijo da nake girmamawa, ya taɓa ce mini a ajin da yara suke zaune uku uku a benci, wasu a ƙasa, littafi ɗaya na mutum biyar, wannan aiki nawa kwalliya ce a kan yunwa. Maganarsa tana da nauyi, kuma kibiya ba ta sayen benci. Abin da na ce masa shi ne, rashin littafin ne ya sa takardar ta zama komai. Yaron da yake da littattafai uku a gida, in kibiya ta ɓace a takarda zai gane, domin ya ga lissafin a wani wuri. Wanda wannan kofi na biyar shi ne littafinsa, abin da ya gani shi zai haddace. Benci ba a hannuna yake ba, amma kaurin layin da ke kan takardata a hannuna yake. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mu masu rubutun Hausa bai kamata wannan ya zama mana baƙon zance ba. Ƴar lanƙwasa ce ta raba kafa da ƙafa, ta raba bari da ɓari, ta raba baki da baƙi. Mun sha ganin sanarwa da littattafai da aka buga ba lanƙwasa saboda injin ba shi da ita, mai karatu yana lalube da hankalinsa. Bahaushe yana iya cike giɓin saboda harshen nasa ne. Ɗalibin lissafi kuwa yanzu yake koyon harshen, ba shi da abin da zai cike da shi. Ko a tsakaninmu ma rubutun bai zama ɗaya ba, mu a Nijar muna rubuta ƴ, a Najeriya an fi sabawa da ɗan waƙafi kafin y, kuma kowa yana karanta na ɗan'uwansa in an buga shi a fili.

Akwai haɗari guda da nake gargaɗin matasan malamai a kansa. Wanda ya koyi ƙera kibiya, sai ya ji yana son ƙera goma, wannan mai kunne ɗaya, waccan mai lanƙwasa, wata mai kai biyu. Ɗalibi kuwa duk siffar da ya gani sabuwa, zai nemi ma'anarta. Dokar da na ɗora wa kaina ita ce siffa ɗaya ga ma'ana ɗaya, kuma siffar ta yi kama da wadda zai tarar ranar babbar jarrabawa da wadda hannunsa zai iya ja. Sannan a cikin fayil ba na rubuta umarnin kibiya kai tsaye. Na ƙirƙiri umarni ɗaya na sa masa suna \bekta, a farkon fayil na faɗi yadda za a zana shi. Amfanin wannan ya fito ranar da wani malami daga Daura ya nemi darussana. Layi ɗaya na canza, duk kibiyoyin haruffa ɗaiɗai suka koma baƙin harafi mai kauri irin wanda ɗalibansa suka saba gani, lissafin bai motsa ba.

Saura masu saurare. Yanzu da yawa daga ɗalibaina da saƙon murya suke tambayata, ni ma da murya nake amsawa, kuma kibiya ba ta da sauti. Da Faransanci ana ambaton kalmar bekta kafin haruffan. In na juya Hausa don bayani, nakan ce “tafiya daga A zuwa B” in da kibiya, in ce “tsawon AB” in babu. Da wannan furuci dokar Shal takan zauna wa yaro nan take: tafiya daga A zuwa B, a ƙara tafiya daga B zuwa C, ita ce tafiya daga A zuwa C. Nakan sa su karanta takardar jarrabawa da ƙarfi ta wannan hanya kafin su fara amsawa a aji. Wanda ya zo wurin da bai san ko “tafiya” zai ce ko “tsawo” ba, sai ya ɗaga hannu, in zo in duba tasa takardar, in kuma kibiyar ta dushe in ja masa ita da jan biro.